Ƙasar da ke bayan buhunan Tudun Hatsi

  

Yau ina so mu ɗan fita daga cikin gari, mu yi maganar ƙasar da ke kewaye da mu. Dalilina kuwa shi ne, mu da iyayenmu suka zo daga Maraɗi da Damagaram da Katsina da Kano neman halal, da yawa cikinmu sun shekara ashirin ko talatin a nan, wasunmu ma nan aka yanke mana cibiya, amma in ka cire Babbar Kasuwa da Tudun Hatsi da tashar da ake shiga motar gida, ba mu da abin faɗa game da jihar. Mahaifina hatsi yake saye da sayarwa, don haka na tashi ina jin ana cewa masarar Kumo, shinkafar Dadin Kowa, tumatirin Kwadon. Sunayen nan a bakinmu sun zama kamar sunayen kaya, alhali garuruwa ne masu mutane da sarakuna da tarihi. Wanda ya san buhu bai san gonar ba, ai zaman haya yake yi ko da shi ya gina gidan.

Bari in fara da garin kansa. Gombe a cikin kwari take, shi ya sa mai zuwa daga Bauchi sai ya gangaro daga Tumfure kafin ya shigo, kuma shi ya sa ruwan damina ke sauko mana da ƙarfi yana cin ƙasa, yana barin kwazazzaban da kowa ya sani. Garin kuma ba tsoho ba ne. Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓi tutar Shehu Usmanu, a Gombe Abba ya kafa masarautarsa. Turawa ne suka mayar da hedkwata Nafada a 1913, sannan suka dawo da ita nan Doma a 1919. Auduga da gyaɗa da jirgin ƙasa, wanda ya iso a farkon shekarun 1960, su suka jawo 'yan kasuwa irin kakanninmu. Jihar kuwa an cire ta daga Bauchi ran 1 ga Oktoba 1996, da ƙananan hukumomi 11.

Hanya mafi sauƙi ta gane ƙasar ita ce mutum ya bi titunan da suka fita daga gari ɗaya bayan ɗaya.

In ka yi gabas ta hanyar Biu, ka wuce Dutsen Liji, za ka iske Kwadon inda ake hada-hadar kayan gwari, sai Dadin Kowa, kusan kilomita 40 daga gari. Nan aka datse Kogin Gongola a shekarun 1980, daga baya aka sa wa madatsar injinan lantarki masu megawat 40. Ruwan famfon da muke sha a Gombe daga can ake turo shi. Ko tsakiyar rani ka je za ka ga kore shar, shinkafa da albasa da tattasai da lambunan mangwaro da gwaiba, har gwamnatin tarayya ta kafa kwalejin koyon aikin lambu a garin. Ga kifi, tarwaɗa da karfasa, ɗanye da banda. Ga wanda ya fito daga ƙasar yashi inda kogi ke ƙafewa bayan damina, ganin wannan ruwa kaɗai ya isa kuɗin mota. Ƙasar Terawa ce, kuma a yankin ne Dutsen Bima yake, wanda mutanen da suka riƙa dangantawa da zancen bayyanar Mahadi.

In ka yi arewa ta Malam Sidi, ƙasa takan buɗe, bishiyoyi su ragu, sai ka ji kamar ka kusa gida. Nan Bolawa da Fulani suka fi yawa. Kusa da Bajoga akwai kamfanin siminti na Ashaka da ya fara aiki a ƙarshen shekarun 1970. Amma abin da ya fi dacewa mu sani a wannan hanya shi ne Burmi. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas, jama'a daga ƙasar Hausa suka bar gidajensu suka bi shi. A Burmi aka yi karo na ƙarshe ran 27 ga Yuli 1903, nan ya kwanta dama tare da ɗimbin mabiyansa, kabarinsa yana can. Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya da ɗansa Mai Wurno har Sudan, inda garin da suka kafa a bakin kogin Nilu ke ɗauke da sunansa. Ka ga ashe Hausawan Sudan da muke jin labarinsu, wani reshensu ta nan ƙofarmu ya wuce.

Hanyar Dukku kuwa ita ce wadda yawancinmu muka fi bi, tunda ta nan ake yanke zuwa Darazo da Kano. Ƙasar kiwo ce, ruwanta yana da nisa a ƙasa, rijiya sai an sha wahala, kuma a yankin ne makiyayar Wawa-Zange take. Kindirmo da fura da man shanu kuwa sai wanda ya ƙoshi. Sau nawa motarmu ta wuce Gombe Abba a bakin Gongola muna gyangyaɗi? Tushen masarautar da muke zaune a inuwarta ke nan, a kan hanyarmu ta gida.

Sai kudu, ta hanyar Yola, kuma ita ce wadda jama'armu suka fi ƙarancin sani. Kana wuce Kumo sai duwatsu su fara tasowa. Billiri ita ce mazaunin Mai Tangale, gaba kaɗan Kaltungo, daga nesa kana hango Dutsen Kilang tsaye shi kaɗai da tsininsa. Daga Kaltungo ake hawa Tula, hanya mai lanƙwasa, in ka kai sama iska ta yi sanyi, ka hango kwari da ƙauyuka a ƙarƙashinka. Akwai kogunan dutse da tsohon gidan yarin zamanin Turawa, kuma za ka ga yadda mutanen wurin suka tokare gangare da duwatsu suka yi gonaki hawa-hawa don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Gabas da nan ƙasar Waja ce, da Talasse da madatsar Balanga, sai Cham da Dadiya can wajen iyakar Adamawa da Taraba. Kusan kowane dutse da harshensa, amma a kasuwa Hausa ke haɗa kowa. Kiristoci suna da yawa a wannan yanki tare da Musulmi, sau da yawa a gida ɗaya.

Ruwan sama ya fi yawa a kudu, shi ya sa tukunyar ma ta bambanta da tamu. Mu 'yan gero ne, iyayenmu mata har yau in ba a yi fura ba gani suke ba a ci abinci ba. Nan kuwa masara da dawa da shinkafa ke mulki, da wake da gyaɗa da riɗi. Ban da kuka da kuɓewa da muka saba, akwai miyar dargaza mai yauƙi, da yakuwa da gyaɗa, da kunun gyaɗa da safe. Yaran gidajenmu da aka haifa nan tuwon masara suka sani, in an kai su Maraɗi hutu aka ba su na gero sai su yi ta juya loma. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa ƙasar ta riga ta shiga jikinmu, ko mun yarda ko ba mu yarda ba.

Ga mai niyyar zuwa kudu, a kula da maciji. Kububuwa tana da yawa a duwatsun, musamman lokacin sharar gona da girbi, har akwai asibiti na musamman a Kaltungo da ke karɓar waɗanda maciji ya sara daga jihohin maƙwabta. A sa takalmi rufaffe, a riƙe tocila da dare, in tsautsayi ya faɗa a nufi asibiti kai tsaye, kada a tsaya tsaga ko ɗauri.

To, mene ne amfanin duk wannan ga ɗan kasuwa? Na farko, wanda ya san inda aka yi ruwa da inda aka yi fari ya riga kowa sanin farashin kaka. Na biyu kuma ya fi girma. In mun je gida ana ce mana 'yan Najeriya, in muna nan ana ce mana baƙi, kuma ba za mu iya hana bakin mutane ba. Amma wanda ya taka ƙauyen abokin cinikinsa, ya gaida mai garin, ya ci tuwon gidansa, ya je masa gaisuwar mutuwa, ranar da hankali ya tashi ba za a dube shi da idon baƙo ba. Zaman lafiyar shagunanmu a cikin gari yana da alaƙa da irin wannan zumunci.

Shawarata ga samari 'yan uwana, bayan sallah mai zuwa mu haɗa kuɗin mota guda, mu ɗauki ƙannenmu, mu fara da Dadin Kowa tunda ita ce kusa, wani karon Burmi, wani karon Tula. In mun isa mu fara da sallama ga manyan gari, mu nemi izini kafin hawa dutse ko ɗaukar hoto. Iyayenmu da suka yi fatauci a waɗannan hanyoyi tun kafin a zuba musu kwalta, don Allah ku ba mu labarin abin da kuka gani, mu rubuta kafin ya ɓace.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Gombe da gida lafiya. Sai mun sake haɗuwa, wassalam.