Ran da akwatin DVD ya ƙi karanta faifai

Ƙaramin akwatin DVD ya shiga ƙauyuka da yawa kafin salula ta ƙwace masa kasuwa. Har yanzu wasu gidaje da shi suke kallon fim ɗin Kano. Ran da ya ƙi karanta faifai, mai shi yakan bubbuge shi. Duka kuwa ƙara lalata shi yake.

Sau da yawa laifin na faifai ne. Mai hankali yakan sa wani ya gani. In wannan ya yi, na farkon ne ke da dauɗa. Sai ya goge shi da tsumma mai laushi, daga ramin tsakiya zuwa baki, ba a kewaye ba. Wanda rana ta lanƙwasa ya tashi aiki.

In duk sun ƙi, sai batir. Wuta in ta yi ƙasa, faifai ba ya juyawa sosai.

Saura ido. Ƙarƙashin murfi akwai ɗan gilashi kamar ƙwayar dawa, shi ke haska faifai. Ƙurar hunturu da hayaƙin murhu suna rufe shi. Ana kashe akwatin, a ɗiga alkol na gidan likita a kaɗa, a shafa a hankali, a bari ya bushe. Ban da kananzir, ban da yawu!

Wani akwatin yana karanta CD, ya ƙi DVD. Haske biyu ne a idon, jan na DVD ne ya gaji. Wannan sai mai gyara. Amma manomi ya fara jin kuɗin sabon ido, don wani lokaci yakan kusa kuɗin akwatin.