Ƙyuya

A ƙasar Adar, da zarar an gama girbi an ɗaure dammunan hatsi, sai samari su kama hanyar ci-rani, wasu Abijan, wasu Lagas ko Libiya, ba a sake ganin su sai hadari ya fara haɗuwa. Haka wani magidanci na Babankatami ya bar gida cikin watan Nuwamba, kwana kaɗan bayan matarsa ta gama wankan jego ta dawo daga gidan iyayenta da ɗansu na fari.

Ita matar ba ta taɓa furta sunan yaron ba. Kunyar ɗan fari ke nan, wadda Baba ta Karo ma ta ba da labarinta a littafin da Mary Smith ta fitar a 1954: uwa ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yaba shi. In ya yi kuka surukarta na kusa, sai ta kawar da kai, sai tsohuwa ta ce, "Ke, zo ki ba shi nono." Murmushinsa na farko, wajen wata biyu, kakarsa ce ta shelanta shi. Da ya fara zama a wata na shida, ƴar ƙanwar uban ce ke tokare shi da matashi. Baƙo zai rantse uwar ba ta damu ba. Baƙo dai ba ya kwana a ɗakinta, kuma ba ya bin ta rijiya da asuba ya ga wanda ke goye.

Uban ya dawo cikin Yuni, yaro na da wata takwas. Ya miƙa hannu, da ƴar riga sabuwa a ɗayan. Yaron ya ƙura masa ido, ya taɓe baki, ya fashe da kuka. Ya wuce kakarsa da rarrafe, ya je ya cakumi zanen uwarsa, a gaban surukai duka. Ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Masana halayyar yara sun daɗe da sanin wannan. Daga wajen wata bakwai ko takwas jariri ke bambanta nasa da baƙo, ya kuma zaɓi wanda zai fake gare shi in ya firgita. Mary Ainsworth ta lura da haka a Uganda tun 1954. Robert Marvin da abokan aikinsa, a binciken da suka buga a 1977 kan jariran Hausawa a Nijeriya, sun tarar yaro kan shaƙu da mutum uku ko huɗu a gida ɗaya, amma wanda ya fi riƙonsa shi ne kan gaba. Yara kuwa sun bambanta: wani ƙyuyarsa ta yini ɗaya ce, wani sai ya shekara yana ɓoye fuska.

Mutumin da ya yi wata bakwai yana dako don wannan yaro bai ji daɗi ba, kuma ba za a ga laifinsa ba. Mahaifiyarsa ta ce, "Bar shi, hankali ne ya zo mishi. Zauna kusa, kada ka ɗauke shi."

Ya bi maganarta. Kullum in ya taso daga gona sai ya zauna bakin tabarma yana shan fura, bai ko dubi yaron ba. Ran kwana na tara yaron ya rarrafo ya kama ludayin, yana waiwayen uwarsa, ita kuwa ta ci gaba da tankaɗe kamar ba ta gani ba.