Famfon Baƙin Mai

Shekara bakwai babur ɗin Baba ya yi jingine a zaure bayan rasuwarsa, lulluɓe da tsohuwar tabarma, har kaji suka mai da ƙarƙashinsa akurki. Yamaha YB100 ne, ja, irin na malaman firamare. Ranar da na turo shi zuwa garejin da nake koyon aiki a Fagge, yaran gareji suka yi ta dariya, wai na kawo gawa asibiti.

Maigidana bai yi dariya ba. Ya durƙusa, ya kwance ɗan murfin da ke gefen dama na inji, ya leƙa, sai ya ce, "Allah Ya jiƙan mahaifinka, bai bari an cire masa famfo ba."

A wancan lokaci, da wuya ka ga babur mai hayaƙi a Kano da famfonsa na aiki. Da zarar inji ya buga, sai a ɗora wa famfo laifi, bakanike ya yanke tiyo ya toshe, ya ce wa mai babur ya riƙa tsiyaya baƙin mai cikin fetur. Shi kuwa da ido yake awo: yau ya zuba da yawa, fulogi ya jiƙe, salansa ta yi ta aman hayaƙi, gobe ya yi ƙwauro, fistin ya ƙone. Alhali tun 1964 kamfanin Yamaha ya fito da wannan famfo, wanda ya kira Autolube, don a huta da wannan cakuɗe. Inji ne ke juya shi, wayar totur kuma tana ƙara masa awo ko ta rage, gwargwadon yadda ka murɗa.

Famfon bai fi ƙwan agwagwa ba. Maigida ya sa na share ƙasa, na shimfiɗa farin buhu, na zuba kananzir a gwangwanin madara. Duk abin da ya fito sai a jera shi bi da bi, don a san yadda za a mayar. Man da ke ciki ya daskare kamar kakide. Sil guda biyu sun bushe, ɗaya ma ta farfashe a hannuna. Kwana uku ina yawo a Ƙofar Ruwa kafin na samo wani mataccen inji mai famfo da sil ɗinsa lafiya, mai shi kuma ya ga idona ya tsuga mini kuɗi.

Sai aka zo kan 'yar ƙwallon ƙarfe, wadda ba ta kai ƙwayar dawa ba, da ɗan sifirin a bayanta. Ita ke hana mai komawa baya, ita kuma ke hana shi zuba cikin inji in babur yana ajiye. Ina cikin goge ta sai ta suɓuce, ta yi tsalle ta bar buhu, ta shige yashi. Gumi ya karyo mini.

"Maigida, ta faɗi."

"Na gani. Kada ka motsa ƙafarka."

Ya aika aka ɓallo maganaɗisu daga wata tsohuwar lasifika, ya miƙo mini, ya koma kan bencinsa ya ci gaba da cin goro. Tun bayan azahar nake jan maganaɗisun nan a ƙasa, ina tsince ƙusoshi da tsatsa, sai da aka kira la'asar na gan ta maƙale a gefe. Har yau in zan buɗe famfo, cikin faranti mai zurfi nake yi.

Washegari muka haɗa. Maigida ya ciro ma'auninsa na siraran ƙarafa, ya auna ɗagawar sandar famfo da totur a sake. Dole ta tsaya tsakanin milimita 0.20 da 0.25, in ta gaza a ƙara siririyar washa. Sau uku muna kwancewa. Ya daidaita waya har alamar da ke jikin dabaran famfo ta zo inda ya kamata, sannan ya sassauta ƙusar fitar da iska, mai ya riƙa ɓulɓulowa da kumfa, ya ƙi ɗaurewa sai da kumfar ta ƙare sarai. A cewarsa, yawancin injinan da aka ce famfo ya kashe, iska ce ta shiga tiyo saboda mai babur ya bar tankin baƙin mai ya ƙafe. A nan na yarda da shi, don daga baya na ga hakan ba sau ɗaya ba.

Duk da haka, tankin farko sai da ya sa na haɗa fetur da ɗan baƙin mai, ko da famfon zai ba mu kunya. A bugu na biyar babur ya tashi. Muka sunkuya mu biyu muna kallon farin tiyo, mai yana tafiya a cikinsa kaɗan-kaɗan, kamar bugun zuciya, har ya isa inji.

Da yamma na hau shi zuwa gida, siririn hayaƙi shuɗi yana bina. Ban kai ga kashe shi ba Inna ta fito zaure, hannunta duk kumfar sabulu, ta tsaya tana kallon babur ɗin.

"Na ɗauka shi ne ya dawo," in ji ta.