Randar Gidanmu Ta Zamani

Sa'ad da muke yara a garin Keffi, akwai wata babbar randa a gindin bishiyar tsakar gidanmu. Idan rani ya tsananta, mutum ɗaya ko biyu ake aikawa rafin Antau su ɗebo ruwa su cika ta, sauran mutanen gida kuwa kowa ya zo da moɗarsa. Kakarmu, Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa yarda kowane yaro ya tafi rafi don ƙishirwar kansa kaɗai ba. Ban fahimci darajar wannan tsari ba sai da na girma, na yi iyali, kuɗin data suka nemi su kai ni ƙasa.

Ga yadda abin ya faru. A gidana akwai kwamfuta huɗu, dukkansu 'yan gwanjo: tawa ta aikin jarida, ta uwargida wadda take koyarwa, ta ƙanena da ke karatu a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke nan Keffi, da wata ta yara. Da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma injunanmu ba su da ƙarfin ɗaukar Windows 11, sai na sa wa dukkansu Ubuntu, watau wani nau'in Linux da ake bayarwa kyauta tun shekarar 2004. To, amma kyautar tana da nata ɗawainiya. Kusan kowane mako sai an fito da gyare-gyare, kowace kwamfuta kuma sai ta je intanet da kanta ta sauko da su. Idan gyaran ya kai megabait 300, gidana ya biya kuɗin 1,200 ke nan a kan abu guda. Ga shi kuwa tun watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100.

Wata ranar Laraba da dare na zauna zan aika wa edita labarin da na kwana biyu ina bi, saura rabin sa'a a rufe shafi, sai na tarar datar wata guda ta ƙare a kwana goma sha biyu. Na daka wa ƙanena tsawa, na ce shi ne yake kallon ƙwallo. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Yaya, rabona da kallo tun makon jiya." Da na bincika washegari sai na ga gaskiyarsa. Kwamfutocin ne suka sha datar a ɓoye. Labarina bai shiga ba, ga kuma kunyar zargin wanda bai ci ba bai sha ba.

Wani abokin aikina mai kula da injunan ofis ne ya ba ni shawara. Ya ce in nemi kwamfuta ɗaya in mai da ita ma'ajiyar gida, in sa mata wata ƙaramar manhaja mai suna apt-cacher-ng. Na tuna da wata tsohuwa da madubinta ya fashe, na jefar a ƙarƙashin gado. Da ma an ce da tsohuwar zuma ake magani. Na kakkaɓe ta, na haɗa ta da na'urar raba intanet ta gida, na ba ta adireshin da ba ya canzawa. Sa'an nan na rubuta layi ɗaya tak a kowace kwamfuta, ina umurtarta da ta riƙa neman kayanta ta hannun tsohuwar, ta ƙofa mai lamba 3142.

Aikin nata mai sauƙi ne. Duk wadda ta fara neman wani ƙunshin manhaja, tsohuwar za ta je ta ɗebo mata, ta kuma ajiye kwafi a cikinta. Idan ta biyu ta zo neman wannan ƙunshin, daga ajiyar za a ba ta, ba tare da an taɓa data ba, kuma cikin ƙiftawar ido. Na ji tsoron kada wani gurɓataccen abu ya shiga ajiyar ya bazu, amma ashe kowace kwamfuta tana duba hatimin masu manhajar kafin ta karɓi kome, abin da bai dace da hatimin ba kuwa sai ta ƙi shi. Batirin tsohuwar kuma yana riƙe ta na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta.

Kada mai karatu ya zaci an gama da matsala. Randar ba ta riƙe kowane irin ruwa. Abin da aka sauko ta rufaffiyar hanya ba ya zama a cikinta, haka nan manhajojin da Ubuntu ke rabawa ta tsarin snap, irin su Firefox. Sai kuma kwamfutocin sun kasance a kan fitowa iri ɗaya kafin a ga riba sosai, shi ya sa na daidaita namu duka a kan 24.04. Duk da haka, datar da take ƙarewa a tsakiyar wata yanzu tana kai mu ƙarshensa.

Ina ganin makarantunmu da shagunan buga takardu, inda ake jera kwamfuta ashirin ko talatin a ɗaki ɗaya, su ne suka fi mu bukatar wannan dabara. Kuɗin da suke zubarwa wajen sayen abu ɗaya sau talatin zai iya sayen littattafai ko man janareta.

Ni dai na ba ƙanena haƙuri, na kuma danƙa masa kula da tsohuwar. Ranar da uwargida ta ga kwamfutarta ta gama sabuntawa kafin ta ɗora tukunya, sai ta yi dariya ta ce, "Maigida, ashe randar Kaka ka dawo mana da ita." Allah Ya ba mu ikon tattalin abin da Ya hore mana, amin.