Labarin zuciya a tambayi fuska

Bahaushe ya ɗora wa zuciya kaya masu yawa. Da ita ake fushi, da ita ake haƙuri. Tana fari, tana baƙi, har takan mutu mai ita yana raye. Shekara ashirin ke nan ina koya wa ɗalibai waɗannan maganganu. Sai dai harshenmu bai tanadi suna ba ga zuciyar da aka haifa da naƙasa, alhali abin yana samun kusan jariri 1 cikin 100 a duniya. Autarmu tana cikinsu.

Tun tana wata uku ba ta iya shan nono sai da hutawa, gumi na tsattsafo mata a goshi. In ta yi kuka mai tsawo, leɓɓanta da harshenta su yi shuɗi, jikinta ya saki. Maƙwabta suka ce tsuntsu ne, wasu suka ce baki ne. Mahaifiyata, mai kiranta kishiya, ta dage da rubutu da hayaƙi, amma ita ce ta fara ce mini: «Kai ɗan nan, numfashin kishiyar tawa ba na lafiya ba ne. Ku tafi likita.»

Daga Damagaram muka yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Yamai, inda na'urar hoton zuciya ta nuna ciwon. Likita ya yi bayani da Faransanci, fassara ta faɗo kaina. Na ce wa uwar zuciya gida ce mai ɗaki huɗu. Bangon da ke raba ɗakunan ƙasa yana da huji, hanyar da ke kai jini huhu kuma ta ƙuntata. Saboda haka jinin da bai sha iska ba yana gauraya da mai kyau, ya zagaya jiki. Ta yi shiru, can ta ce: «Malam, ana ɗinke shi?» Ban taɓa fassara «oui» da nauyin baki irin na ranar ba.

Ciwon yana ɗauke da sunan Fallot, likitan Marsay da ya bayyana shi a 1888. Sai a 1944, a Baltimo ta Amurka, aka fara yi wa irin waɗannan yara aiki, kuma Vivien Thomas, baƙar fata da bai sami zuwa makarantar likitanci ba, yana cikin waɗanda suka ƙago dabarar. Mu kuwa hanyar da ta buɗe mana ita ce ta ƙungiyoyin agaji masu kai yara Faransa, irin wadda likita Francine Leca ta kafa a 1996. Sharaɗin yana da ɗaci: yaro shi kaɗai ke tafiya, wani iyali ya riƙe shi kamar wata biyu.

Wata tara muka yi muna jiran kira. Uwar ta koyi naɗe wa yarinyar gwiwoyi zuwa ƙirji duk sa'ad da shuɗin ya taso. Yayyenta suka koyi wasa ba hayaniya. Kuɗin mota da na awo suka cinye tumakin gidan, abokan aiki suka yi mana karo-karo ba mu roƙa ba. Da lokaci ya yi, dole aka yaye ta. A al'adarmu gidan kaka ake kai yaye; wannan karon gidan baƙi aka kai, bayan teku. Kakar ba ta yi gardama ba, ta dai ɗaura mata laya a hannu.

Ta dawo da tabo a ƙirji da jan harshe. Kwana uku tana ƙyuyar uwarta kafin ta yarda a goya ta.

Ƴan'uwa malamai, abin da na roƙe ku kaɗan ne. A fatarmu shuɗi ba ya fita fili, sai a leɓe da harshe da dasashi da farce. Mu faɗa wa ɗalibanmu wannan da Hausa, domin su ne iyayen gobe, kuma yau ma su ke goyon ƙannensu. Yaran da ke jiran kira sun fi waɗanda aka kira yawa. Allah ya ba su lafiya, ya ba iyayensu juriya.