Miriya, garin kuka da randa, inda jika ke kwana a gida

A wannan fitowa ina so in kai ku Miriya, don akwai abin da garin zai koya mana game da kuɗin da muke zubawa kowane mako.

Daga Maraɗi zuwa Damagaram tafiyar kilomita wajen 235 ce bisa babbar hanyar kwalta, ta Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa da Takeita. Daga Damagaram sai ki ƙara kilomita 18 gabas, bisa hanyar Gure da Difa. In kin zauna kusa da taga, ki dubi gonaki. Gawo ne tsaye cikin gonar hatsi, ga kalgo, ga aduwa, ga sabara. Waɗanda suka kai shekaruna sun san ba haka wurin yake ba bayan farin 1984, lokacin da iska ke kwashe rairayi ta binne shuka. Itatuwan nan ba a mota aka kawo su ba. Manoma ne suka daina sassabe kututture ƙarƙaf, suna barin reshe biyu ko uku masu ƙarfi su girma, abin da muke kira sassaben zamani. Ta wannan hanya fiye da eka miliyan 5 ta sake yin itace a ƙasarmu, mafi yawa a jahohin Maraɗi da Damagaram, kuma a 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa bisa iccen da ya raina a gonarsa.

Tun kafin ki shiga Miriya kuka ce za ta tarbe ki. Ba ɗaya ba, ba goma ba, ko'ina kika juya ga ta nan, manya da ƙanana, cikin gonaki da bakin gari. Ba kukar daji ba ce wadda kowa ke hawa ya yage. Kowace tana da mai ita, ana gadonta kamar yadda ake gadon gona, kuma akwai matan da suka mallaki nasu. Ana ɗiban ganye, a shanya a inuwa don kada rana ta kashe launinsa, a daka, a tankaɗe, a auna da tiya. 'Ya'yan a fasa a sayar da garin, ɓawon a tufka igiya. Ice ɗaya, sana'a uku, kuma ba ya neman taki ko ban ruwa.

Ranar Lahadi ce kasuwar garin. In kin je, kada ki wuce layin masu tukwane. Ginin tukwanen Miriya sananne ne a duk ƙasar Damagaram: randa, tulu, tukunya, kasko, tanda, an yi musu zane da fari da ja da baƙi har ki ji kamar ki ajiye a ɗaki don ado. Cikinsu har da ɗan asusun yumɓu mai tsaga a ka, wanda kakanninmu ke jefa kuɗi a ciki, wanda daga gare shi taronmu ya samo suna. Yumɓun daga ƙasar wurin ake haƙo shi, hannun da ya gina na wurin ne, abin da aka gasa shi da shi ma na wurin ne. Babu abin da mai ginin ta jira ya zo daga bakin teku.

Sai garake. Inda ruwa ke kusa, an haƙa rijiyoyi, ana noman rani: salati, shu, tumatir, albasa, ga mangwaro da gwaiba a gefe. Abin da gari bai cinye ba ya wuce Damagaram, tunda birnin yana kusa, kayan sun isa kafin su yi yaushi.

To, ga abin da na ɗauko daga kasuwar nan. Mu ɗauki jika guda a hannun mai sayar da kuka. Ta sayi tulu da ita. Mai tulu ta sayi kayan miya wurin mai garka. Mai garka ya biya mai amalanken da ya kai masa taki. Mai amalanke ya sayi man gujiya da ƙuli-ƙuli wurin maƙwabciyarsa, ita kuma ranar taro ta zuba a asusu. Jika ɗaya ce, amma ta ciyar da gida biyar, kuma har yanzu tana cikin gari. Ki ɗauki wata jikar da aka sayi bokitin roba ko taliyar leda da ita. Mai shago zai riƙe 'yar ribarsa, sauran ya bi mota ya tafi Kano ko Kwatano a ranar. Ban ce a daina sayen kayan waje ba, magani da littafin lakwal ba a gona suke tsirowa ba. Amma garin da duk jikarsa ke fita ran da ta shigo, randa ce mai huji, kome kika zuba ba ta cika.

Mun ga haka da idonmu. A 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, ba a buɗe ba sai ƙarshen 2020. A 2023 aka sake rufewa, aka yanke wutar da ke zo mana daga Katsina, har zuwa watan Maris na 2024. Kun tuna yadda shinkafa ta tashi, yadda masu firiji suka zauna ba ƙanƙara ba ciniki. Randa kuwa ba ta san an yanke wuta ba, ta ci gaba da sanyaya ruwanta. Kuka ma ba ta jira a buɗe iyaka ba kafin ta yi toho.

Akwai abin da ya fi tsadar kaya ciwo. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Mafi yawansu mata ne da ƙananan yara, kuma akasari daga yankin Kance suka fito, nan cikin jahar Damagaram. Allah ya jiƙansu. Ba son yawo ya fitar da su ba. Mace ba ta goya ɗa ta nufi Sahara in tana da abin yi a ƙofar gidanta. Shi ya sa zancen tattalin gari ba zancen manya masu ofis ba ne, zancen ranmu ne da na ɗiyanmu.

Kada ku ce Miriya aljanna ce. Samari na tafiya cin rani kamar na ko'ina. Roba na cin kasuwar tulu, don ba ta fashewa kuma yarinya na iya ɗaukarta. Mai kuka, kamar mai hatsi, sau da yawa tana sayarwa lokacin da kaya suka cika kasuwa, don bukata ba ta jira, sai mai jari ya saye da araha ya ajiye, ya fitar da bazara ya ci ribar. Wurin nan ne asusu ke da aiki.

Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi tare da ƙungiyar CARE, mun nuna wa duniya mace na iya tara kuɗinta, ta ba da bashi, ta karɓa, har ƙasashe da yawa suka kwaikwayi tsarin. Tarawa mun iya. Abin da ya rage mu duba shi ne inda bashin ke zuwa. Ga shawara uku da nake so kowace shugaba ta kai gaban taronta.

Ta farko, ku zauna ku lissafa abin da garinku ke saye daga waje alhali kuna iya yinsa: mai, sabulu, daddawa, garin kunun yara, yaji, kaskon turare. Wadda ta nemi bashi don ɗaya daga cikin waɗannan, a sa ta gaba.

Ta biyu, ajiya. Wasu ƙungiyoyin manoma na yin warantaj: da kaka a zuba hatsi ko wake a mangaza mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin mai ba da bashi, a karɓi kuɗi ƙasa kaɗan da darajar kayan a yi sana'a. Bayan wata biyar ko shida a biya, a fitar da kaya lokacin da suka yi tsada. Asusunmu na iya yin irinsa da ƙaramin ƙarfi, da busasshiyar kuka, kuɓewa, yakuwa ko zogale, muddin ɗakin ba ya yoyo kuma ƙwari ba sa shiga.

Ta uku, mu sayi na junanmu. Ran biki ko suna, man da za a soya da shi ya fito daga hannun 'yar ƙungiya, randar amarya daga mai ginin garinmu.

Kowane gari da kukarsa. Ta Galmi albasa ce, ta Jiratawa zogale, ta Difa tattasai, ta Maraɗi gujiya da jar akuya. Ku nemo ta garinku, ku aiko wa takardar nan abin da kuka samu, mu karanta a fitowa ta gaba. Allah ya sa albarka a asusunmu, ya ba mu damina mai kyau. A gaida mutanen gida.