Tsanwar da ke jikin harsashi

Akwai wata magana da ke yawo a bakin yaran lakwal a nan Talladje, wai harsashin da ya yi tsanwa-tsanwa ko ya yi farin gari a jiki ya riga ya mutu, ba ya tashi. Manya ma suna faɗin haka, kuma a bakinsu yaran suka ji. Maganar ba gaskiya ba ce. Mu da ke zaune kan hanyar filin jirgin saman Diori Hamani, daf da sansanin sojan sama na 101, cikin garin da ya ji ƙarar bindiga a Fabrairun 2010 da kuma Maris na 2021, bai kamata mu bar ta tana yawo ba. Tun rushewar Libiya a 2011 harsashi ya daina zama baƙon abu a Sahel, kuma abin da ya yi yawa a gari wata rana sai ya faɗo aljihun yaro.

Bara na karɓe wani a hannun ɗan aji biyar. Na ƙaramar bindiga ne, bai kai ɗan yatsa tsawo ba, da kansa da komai. Ya ce, "Mushe, ai matacce ne, dubi yadda ya yi kore." Kafin in miƙa shi ga hukuma na nuna wa wani dattijo maƙwabcina, tsohon soja. Abin da ya fara faɗa mini shi ne ko sabon da aka ɓare daga kwali ba kullum yake zuwa fes ba, kuma su kansu masu riƙe bindiga sukan yi gardama kan wannan dattin.

Kwanson harsashi yawanci tagulla ne, jan ƙarfe kusan kashi 70 cikin ɗari, tutiya kashi 30. Wani na baƙin ƙarfe ne, sai a shafe shi da wani abu mai kama da fenti, kore ko ruwan toka, don kada ya yi tsatsa. Jan zobe ko kore da ake gani a gindin kwanson, inda allurar bindiga ke bugawa, liƙi ne da masana'anta ta sa don hana danshi shiga. Wasu ƙananan harsasai masu kan dalma kuma da maiƙon kaki ake fito da su. Duk wannan da gangan aka yi, ba alamar lalacewa ba ce. Sai wanda ajiya ke jawowa: tagulla ta dushe, ta yi kore in ta sha laima, dalma ta yi farin gari. Mai bindiga yana damuwa da wannan ne saboda kwanson da tsanwa ta ci yana iya maƙalewa ko ya tsage. Amma albarushin da ke ciki a rufe yake ruf, yana iya shekara da shekaru da ƙarfinsa.

Ido ba ya rarrabe wannan, har idon waɗanda aikinsu ke nan. Sojojin Ingila a Indiya sun daɗe suna ganin kwanson harsasansu na tsagewa haka kawai bayan damina, har suka ɗora wa yanayi laifi. Sai a 1921 masu bincike suka gano dalili: a bargar dawaki ake ajiye harsasan lokacin ruwa, amoniyar da ke tashi daga fitsarin dawakin ita ke cin tagullar a inda aka matse ta wajen ƙira. In rundunar da ke da makeranta da injiniyoyinta ta kwashe shekaru kafin ta fahimci kwanson da ke hannunta, ɗan shekara goma sha ɗaya fa, da ya duba launi ya yanke hukunci?

Kuma mun san abin da yaro ke yi da abin da ya ɗauka matacce ne. Ya sa ƙusa ya buga da dutse don ya ciro kan, ko ya jefa a wutar bola ya ga abin da zai faru. Harsashin da ba ya cikin bindiga ba ya tafiya kamar wanda aka harba, gaskiya ne, amma kwanson yana fashewa, ɓarɓashinsa ya isa ya tsiyaye ido ko ya yanke yatsa.

Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ma shi ne fankon da aka riga aka harba, wanda kowa ke cewa ba komai. Yara suna busa shi kamar usur. Sinadarin da ke tayar da wuta a gindin mafi yawan harsasai yana da dalma, kuma baƙin da ke saura a cikin fankon yana ɗauke da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutarwa a jiki, kuma yara ƙanana ta fi kamawa, tana taɓa ƙwaƙwalwa da fahimta. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga ƙarshen abin a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Fanko ɗaya ba zai yi wannan ɓarnar ba, ba na son in tsorata kowa fiye da ƙima. Amma yaron da ya tara ashirin a gwangwani, yana wasa da su yana cin ƙosai da hannu ɗaya, yana sha kaɗan-kaɗan.

A ajinmu yanzu ƙa'idar gajeriya ce: ka gani, kada ka taɓa, ka kira babba, in ka riga ka taɓa, ka wanke hannu da sabulu, kuma ba za a doke ka ba. Wannan na ƙarshen na fi nanatawa ga iyaye, domin yaron da ya san bulala ke jiransa ɓoyewa zai yi. Babban kuma ba nasa ba ne ya ajiye a kan firij. Akwai ƴan sanda a lamba 17, akwai jandarma, kuma tun 1994 ƙasar nan take da hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI.

Wahalar da ta rage ita ce tagulla kuɗi ce. Masu sayen tsofaffin ƙarafa suna biyanta sama da baƙin ƙarfe nesa ba kusa ba, yaran kuma sun san haka. A taron iyaye na gaba zan roƙi a tura dattawa biyu su zaga wurin masu sikelin unguwa, a roƙe su su daina karɓar kwanson harsashi daga hannun yaro, fanko ne ko mai kai.